Mace a Akwatin Talabijin: Tambayoyin da Kanawa Ke Yawan Yi

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a cikin birnin Kano. Ba sai na kalli shiri ba kafin in san abin da ya faru a cikinsa, domin da safe, tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, ɗalibaina sun zazzage min shi kaf: wadda aka ba takardarta, wadda aka yi wa kishiya, wadda ta je wurin boka. Na daɗe ina wannan hira da su, da iyayensu idan sun zo karɓar sakamako, da abokan aikina a ɗakin malamai. Tambayoyin nan su ne suka fi dawowa, na kuma amsa su gwargwadon abin da na gani da abin da na sani.

Wace irin mace aka fi nuna mana a talabijin?

Ka zauna mako guda kana kallon shirye-shirye masu dogon zango. Fuskoki za su yi ta sauyawa, amma matan ba su wuce biyar ba. Akwai budurwar da samari biyu ke rububi, ɗaya mai mota ɗaya ɗan talakawa, ita kuwa aikinta kuka a bakin gado. Akwai uwargida da amarya, kullum a tsakar gida ana nuna wa juna yatsa a kan ranar girki. Akwai uwar miji mai ɗauri a goshi, wadda ba ta buɗe baki sai da "wallahi sai ka sake ta ko in tsine maka". Akwai ƙawa mai zuga, galibi bazawara, wadda ta san hanyar gidan kowane boka. Sai mai haƙuri, wadda ake cuta tun daga kashi na ɗaya har na hamsin ba ta ce uffan ba, ladanta kuma shi ne miji ya dawo yana nadama.

Abu ɗaya ne ya haɗa su: kowacce da namiji ake auna ta. Ka cire miji ko saurayi daga labarin, ka ga abin da zai rage mata ta yi. Ko an ce likita ce, farar riga kawai za ka gani a kafaɗarta lokacin da take shigowa falo. Da wuya ka gan ta tana duba mara lafiya, ko tana gardama da abokin aiki a kan magani. An ba ta sunan aiki, ba a ba ta aikin ba.

Malama, ai haka rayuwar take. Ƙarya aka yi mana?

Ba ƙarya aka yi ba. Kishi yana nan, surukai masu wuyar sha'ani suna nan, mutuwar aure kuwa ta kai har gwamnati ta sa hannu: tun 2012 Hisbah ke shirya auren zawarawa, a watan Oktoban 2023 ma an ɗaura na ma'aurata 1,800. Wanda ya ce kada a yi wasa a kan wannan bai san garin ba.

Matsalar ita ce an ɗauki ɗaki ɗaya an ce shi ne gidan gaba ɗaya. Ka shiga kowane lungu a Yakasai ko Gwammaja ko Kurna da hantsi, ka saurara. Wannan gidan ana matsar man gyaɗa ana murza ƙuli-ƙuli. Na kusa da shi keken ɗinki ne ke ƙara tun asuba. Gaba kaɗan wata tana haɗa turaren wuta da humra, yaro zai kai tasha a aika Legas ko Abuja, cinikin kuma a waya aka gama shi. Akwai uwar adashi da ke riƙe da kuɗin mata talatin, ba ta taɓa ɓatar da naira ɗaya ba, lissafin duk a kanta yake. Akwai mai ɗinkin hula, mai kitso, mai lalle, mai saro atamfa a Kantin Kwari tana bayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan. Gida nawa ne kuɗin makarantar yara daga ƙullin zanen uwa yake fita? Kowa ya san amsa, ko da ba a faɗa a fili.

A waje ma haka ne. Wadda ta taɓa haihuwa a Asibitin Murtala ta san hannun da ya karɓe ta cikin dare. Islamiyyun matan aure cike suke da malamai mata masu koyar da tajwidi da fiƙihu. A 2023 aka rantsar da Mai Shari'a Dije Abdu Aboki a matsayin Babbar Jojin Jihar Kano. Waɗannan matan su ma suna da kishiya, wasu suna da suruka mai faɗa, amma ba shi ne iyakar ranarsu ba. Sauran ranar ce ba ma gani a talabijin.

Tun yaushe abin yake haka?

Da can tashoshin gwamnati kaɗai ake da su a nan: NTA Kano, sai CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. A wasannin wancan lokaci mata kaɗan ne, domin fitowar mace a talabijin abin surutu ne a dangi. Waɗanda suka jure suka fito, yawanci matan gida suke fitowa, amma wasannin sun fi karkata ga barkwanci da gyaran hali.

Sauyi ya zo da kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, zuwa 1999 har sana'ar ta samu sunan Kannywood. Daga nan soyayya ta mamaye, ta hanya biyu: finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silima, da littattafan soyayya da suka cika kasuwa a lokacin. Budurwa ta dawo tsakiyar labari, da waƙa da rawa. Da kasuwar faifai ta mutu, sai sana'ar ta koma talabijin da YouTube. Arewa24 ta fara aiki a 2014, tana watsa shiri da Hausa dare da rana, shiri mai dogon zango ya zama shi ne abincin kowane gida.

Me ya sa marubuta suka liƙe wa kishi da soyayya?

Na farko kuɗi. Rikicin kishiyoyi falo ɗaya yake buƙata, da tsakar gida, da 'yan wasa uku. Labarin mace ma'aikaciyar jinya yana buƙatar asibiti, izini, kayan aiki, da marubucin da zai je ya zauna da ma'aikatan jinya ya ji yadda suke magana. Furodusan da ke kirga kuɗin man janareto da na abincin lokeshan ya san wanda ya fi sauƙi.

Na biyu, dogon zango yana cin rikici kamar yadda murhu ke cin itace. Dole kowane kashi ya ƙare da abin da zai sa a dawo mako mai zuwa, mafi arhar itace kuwa shi ne mace biyu da miji ɗaya. A YouTube abin ya ƙara tsanani, domin hoton da aka liƙa da taken da aka sa su ke jawo mai kallo, fuskar mace tana kuka ko tana faɗa kuma ta fi saurin sa a danna.

Na uku tsoro. Taɓa siyasa ko sarauta ko manyan 'yan kasuwa yana iya jawo wa mai shiri fitina. Uwar miji ba ta da lauya, ba ta da ƙungiya. Ita ce ake iya ɓatawa kullum a kwana lafiya.

Ai mata ne suka fi kallo. Da ba sa so, da sun daina.

Gaskiya ne mata ne suka fi zama a gaban akwatin, musamman waɗanda ke yini a gida. Amma wanda aka ajiye wa kwano ɗaya ba a ce ya zaɓi abinci ba. Na lura kuma duk lokacin da aka fito da mace mai kai, mai sana'a, wadda ke warware matsalarta da dabara, ita ce ɗalibaina ke kwaikwayon maganarta har a filin wasa.

Ina Hukumar Tace Finafinai? Ba aikinta ba ne ta gyara?

An kafa hukumar a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a jihar, tashoshin kuma suna ƙarƙashin dokokin NBC, hukumar tarayya mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992. Hukumar ta Kano ba barci take ba. A watan Mayun 2025 ma ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su.

Sai dai duk muhawararmu a kan mace a talabijin, ta hukuma da ta jama'a, a jikinta take tsayawa: mayafin ya sauka ko bai sauka ba, rigar ta kama ko ba ta kama ba, an taɓa hannu ko ba a taɓa ba. Ni uwa ce, ina son sutura, ba na son a nuna wa 'ya'yana tsiraici. Amma na sha ganin shirin da kowace mace a cikinsa hijabinta har ƙasa, miji kuma yana yi wa matarsa tsawa kamar baiwa, ya kore ta cikin dare da goyo, labarin kuma ya tafi a kan cewa ita ce ta ja. Wannan ba ya tayar da ƙura. Ba mai yin huɗuba a kansa. To wane ne ya fi ɓata tarbiyyar yaro namiji mai shekara goma sha biyu da ke zaune a kan tabarma yana kallo?

Idan aka zo hukunci ma, a kan mace ya fi sauka. A 2007, bayan wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi, an dakatar da ɗaukar fim a jihar na wasu watanni. Sunan macen aka yi ta yayatawa shekara da shekaru, na namijin kuwa ya ɓace da wuri. A 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa, sai daga baya aka yafe mata. Ba ina cewa kada a tsawatar ba ne. Ina cewa ma'aunin ya zama ɗaya.

Me ya sa mutane ke ɗaukar halin fim a matsayin halin 'yar wasa?

Saboda an saba ba mutum ɗaya rol iri ɗaya har ya manne masa. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta yi shekaru tana fitowa a muguwar suruka ko kishiya, har wasu suka zaci haka take. Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, abin da abokan aikinta suka yi ta faɗa shi ne barkwancinta da son jama'a. Ƙwarewa ce ta sa aka yarda da muguntar.

Akwai kuma al'adar nan ta cewa jaruma in ta yi aure ta bar fim, in auren ya mutu ta dawo. Abu biyu yake haifarwa. Jama'a suna ganin kamar 'yan fim ba sa zaman aure, sana'ar kuma tana rasa mace daidai lokacin da ta ƙware, a kawo sabuwa a fara daga farko. Jarumi namiji kuwa yana nan shekara ashirin, yana girma, ya zama darakta, ya zama mai kamfani, ya zama shi ke yanke abin da za a nuna.

To labarai da shirye-shiryen tattaunawa fa?

Nan ne abin ya fi damuna, domin wasa an san wasa ne, labarai kuwa ana ɗaukarsu gaskiya. Mata masu karanta labarai suna da yawa, sun kuma iya. Amma ka duba wa ake gayyata ya yi bayani. In maganar kasafin kuɗi ce, ko tsadar hatsi a Dawanau, ko zaɓe, ko rabon gado, kujerar baƙo ta namiji ce. Mace tana fitowa ne a layin karɓar tallafi, ko a bakin gidan da ambaliya ta rusa, kyamara a kan fuskarta tana share hawaye, sau da yawa ba a ma tambaye ta ko ta yarda a nuna ta ba. Shirin mata kuwa an kewaye shi da girki, kwalliya da zaman aure. Suna da amfani, ni ma na koyi miya a talabijin, amma mai sayar da ƙosai tana da abin faɗa a kan farashin wake da gas fiye da baƙi da yawa da ake kira.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike na duniya, Global Media Monitoring Project, da ake yi duk shekara biyar a jaridu da rediyo da talabijin, ya samu cewa a 1995 mata 17 ne cikin kowane mutum 100 da ake ji ko ake ba da labarinsu. A 2020 adadin 25 ne kawai.

Kuma ba rashin ƙwararru ba ne a Kano. Marigayiya Bilkisu Yusuf ta yi editar jaridar Sunday Triumph a nan garin tun shekarun 1980, ta je ta riƙe jaridar New Nigerian. Hajiya Sa'a Ibrahim ta shugabanci ARTV, a 2019 kuma ta zama mace ta farko da ta jagoranci ƙungiyar kafafen watsa labarai ta ƙasa, BON. Jami'ar Bayero cike take da malamai mata a fannin tattalin arziki, shari'a da likitanci. Wani lokaci su ma sai an lallashe su, saboda gudun bakin mutane. Aikin mai shirya shiri ne ya nace, ya nemi lambobinsu, ya sa lokacin da za su iya zuwa.

Tallace-tallace suna da laifi a ciki?

Suna da shi. A talla mace ce ke wanki, ita ke girki, murnarta kuma ta cika ne idan maigida ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. Wanda ya fi wannan illa shi ne launin fata. Jarumar da ake so fara ce sol, amaryar talla fara ce, baƙa kuwa sau da yawa ita ce 'yar aiki, ko 'yar ƙauyen da aka shafa wa baƙin kwalli a fuska don a yi dariya. Wata ɗalibata, yarinya mai kaifin kai a lissafi, ta dawo hutu fuskarta ta yi ja, gaɓoɓin yatsunta baƙi. Na ja ta gefe na ce, "'Yata, me kika yi wa kanki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ke kin taɓa ganin baƙa ta fito a wadda ake so?" Na yi shiru ina neman suna a raina, na daɗe kafin in samu. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi cewa mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarai masu lahani ga fata da ƙoda, amma gargaɗin minti ɗaya ba zai ture abin da ido ke gani kowane dare ba.

Fassarar Indiya fa?

Ta zo ta tarar da abin da muke da shi ta ƙara masa gishiri: suruka mai makirci, amarya mai kuka, gida kamar fada. Da yake da Hausa ake magana, yara ƙanana ba sa rarrabe namu da nasu.

Wai da gaske kallo yana sauya tunanin yara? Mu ma mun kalla, ba mu lalace ba.

Ba na cewa shiri ɗaya zai lalata yaro. Yau da gobe ce. Na taɓa ba 'yan aji huɗu aikin rubuta gajeren labari, kowacce ta zaɓi abin da take so. Mafi yawansu kishiya suka rubuta, da asiri, da saki uku. Yara ne da ba su wuce shekara goma sha shida ba, wasunsu ma iyayensu mata ba su da kishiya. Na tambayi wata me ya sa ba ta rubuta labarin kakarta ba, wadda na san da sana'ar fura ta je Makka. Ta ce, "Malama, ai wannan ba labari ba ne." An koya mata cewa rayuwar mace ba ta zama labari sai an yi faɗa a kan namiji.

Wannan ba ra'ayin Turawa ba ne kike kawo mana?

A'a. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai aika ayari. Nana A'isha manyan sahabbai ke zuwa ɗaukar ilimi a wurinta. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna koyar da mata, ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Abin da nake nema a nuna namu ne tun asali. Macen da ba ta da aiki sai kuka da makirci ita ce baƙuwa.

Babu wani ci gaba ke nan?

Akwai. Daɗin Kowa, da ya fara a 2015, ya fito da unguwar talakawa yadda take, da mata masu ƙananan sana'o'i da matsalolin da suka wuce na soyayya. Ba mamaki, domin cikin waɗanda suka rubuta shi akwai mace, Fauziyya D. Sulaiman. Tun kafin nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta buɗe hanya, daga rubutun littafi zuwa shirya fim. Yanzu akwai jarumai mata da ke zuba kuɗinsu suna shirya nasu, wasu suna gabatar da shirin hira a tashoshinsu na YouTube. Idan mace ta riƙe alƙalami ana ganewa a ƙananan abubuwa: yadda ake hira a ɗakin mai jego, yadda uwa ke ɓoye rashin lafiyarta don kada a taɓa kuɗin jarrabawa. Amma ba kowace marubuciya ke kauce wa tsohuwar hanya ba. Wasu su ma kishin suke rubutawa, saboda shi mai kuɗin ya ce a kawo.

Malama, 'yata ta ce aikin talabijin take so. In bar ta?

Baba, in ka tambaye ni, ka bar ta, amma ta shiga ta ƙofar karatu. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da aikin sadarwa, ana kuma koyar da aikin jarida a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Ka nuna mata cewa aikin ba tsayawa gaban kyamara kaɗai ba ne. Akwai rubutun labari, akwai tace hoto, akwai shirya shiri, akwai wanda ke zaɓar baƙon da za a kira, kuma waɗannan kujerun ne ke yanke irin macen da jikokinka za su gani.

Idan ta samu wuri, ka je da kanka ka ga shugabanta. Ka tambayi ƙarfe nawa ake tashi, da yadda masu aikin dare ke komawa gida, da wanda za ta kai wa ƙara in wani ya yi mata maganar banza. Kada ta fara aiki sai an ba ta takarda a rubuce, da albashinta a jiki.